Tambaya kan The Platters: faifai uku, suna ɗaya, murya daban-daban

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Faya-fayai uku ne a gabana, duka an rubuta The Platters, sunan wata ƙungiyar mawaƙan Amurka, a jikinsu, amma kunnena ya ƙi yarda cewa mutane ɗaya ne. Na farko ƙarami ne mai gudu 45 (juyi 45 a minti), tambarin kamfanin Mercury, "Only You" a gefe ɗaya, "The Great Pretender" a ɗaya gefen. Na biyu babba ne mai gudu 33, tambarin Musicor. Waƙoƙin dai su ne, sai dai muryar mai jan waƙar ta sauya, kiɗan kuma ya fi cika. Na uku CD ne irin na kasuwa, hoton mutum biyar a bango, ba shekara, ba sunan kowa.

Su wane ne 'yan asalin ƙungiyar, yaya suka taso, ina suka ƙare? Sannan akwai samari huɗu da yarinya ɗaya a unguwarmu masu son koyon wannan salo na haɗa murya, amma da sun fara sai kowa ya zame ya koma kan muryar mai ja, su zama 'yan amshi. Ta ina za a ɓullo wa abin? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Garmaho, Daura:

Wa alaikumus salam ɗana. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba.

Fara da sunan. "Platter" a Ingilishi faranti ne mai faɗi, kuma da wannan kalma masu gabatar da shiri a gidajen rediyon Amurka suke kiran faifan garmaho. Mu ma da abin ya iso mana, faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi muka duba muka raɗa masa suna. Ka ga ke nan sunan ƙungiyar Faya-fayai, kuma Herb Reed mai muryar ƙasa ne ya sa shi.

A Los Angeles suka haɗu a 1952, samari baƙar fata, wannan ya shiga wancan ya fita. A 1953 kamfanin Federal, reshen King Records na birnin Cincinnati, ya ɗauke su. Sun yi faya-fayai da dama a can, babu wanda ya tsinana abin kirki. Wanda ya juya musu akala shi ne Buck Ram, Bature ɗan Chicago, haihuwar 1907, wanda ya karanta aikin lauya amma ya ƙare a rubuta waƙa da tsara wa manyan makaɗa kiɗa. Da ya zama manajansu sai ya gina komai a kan murya ɗaya, ta Tony Williams. Ya kawo Zola Taylor tana matashiya, a lokacin da ba kasafai ake ganin mace a irin wannan ƙungiya ba, sannan Paul Robi ya maye gurbin Alex Hodge. Kafin 1954 ta fita mutum biyar ɗin sun cika: Williams, David Lynch, Robi, Reed da Taylor. Waɗannan ne a ƙaramin faifanka.

Shigarsu Mercury gyauro ce. Kamfanin ba su yake nema ba, The Penguins yake so, masu "Earth Angel", waɗanda su ma Ram ne manajansu. Ram ya kafe cewa in ana son waɗancan sai an haɗa da waɗannan. Mercury ya karɓa ba da son ransa ba. Ikon Allah, Penguins ba su sake yin waƙar da ta yi tashe ba, su kuwa 'yan rakiyar suka zama jarin kamfanin.

"Only You" sau biyu aka ɗauke ta. Ɗaukar farko a Federal ce, a 1954, kamfanin ya ga ba ta yi ba ya ajiye. Suka sake ta a Mercury a 1955, ta yi mako 7 a saman jadawalin waƙoƙin baƙar fata, wanda ake kira R&B, ta kuma kai ta 5 a babban jadawalin ƙasa. Don ka gane nauyin wannan, dole ka san al'adar lokacin: da baƙar fata sun fitar da waƙa mai daɗi, sai a sa Turawa su maimaita ta cikin gaggawa, gidajen rediyon Turawa su riƙa sa ta maimaicin, kuɗin ya tafi can. Haka The Crew-Cuts suka yi wa "Sh-Boom" da "Earth Angel", kuma a Mercury ɗin nan suke. An gwada haka da "Only You", The Hilltoppers suka maimaita, amma ta asalin ta sha gabanta. Daga nan ƙofa ta buɗe.

"The Great Pretender" ta fito a ƙarshen 1955, ta hau ta ɗaya a farkon 1956. Sau huɗu suka hau wannan matsayi: ita, sai "My Prayer" a 1956, "Twilight Time" a 1958, da "Smoke Gets in Your Eyes" a farkon 1959, wadda ta yi ta ɗaya har a Ingila. Duba da kyau za ka ga dabarar Ram. Ukun ƙarshen nan duk tsofaffin waƙoƙi ne. "Smoke" ta Jerome Kern da Otto Harbach ce tun 1933, "My Prayer" wata tsohuwar ƙungiya mai suna The Ink Spots ta rera ta a 1939, "Twilight Time" kuma karinta na 1944 ne, Ram da kansa ya sa mata baiti. Yana ɗauko waƙar da iyaye suka yi samartaka da ita, ya ɗora mata bugun da 'ya'yansu ke so, ya lulluɓe da gogen Turawa, faifai ɗaya ya shiga gida ya gamsar da tsoho da yaro. A ganina wannan ne ya sa suka daɗe fiye da tsararrakinsu, wanda yawancinsu waƙa ɗaya suka yi suka ɓace. Su waƙa 40 suka saka a jadawalin mujallar Billboard daga 1955 zuwa 1967.

Tangarɗa ta fara a Agustan 1959, da aka kama mazan huɗu a wani otal a Cincinnati tare da wasu mata, uku daga ciki farar fata. Kotu ta wanke su a Disamba, amma kafin nan gidajen rediyo da yawa sun jingine faya-fayansu, ƙungiyar ta ƙara karkata ga wasa a ƙasashen waje. "Harbor Lights" ta 1960 ce waƙarsu ta ƙarshe da ta shiga goman farko. Williams ya fita don cin gashin kansa, Sonny Turner ya karɓi ja, Mercury kuwa ya ƙi yarda da muryar da ba ta Williams ba, ya ci gaba da fito da tsofaffin ɗauka daga ajiya har abin ya kai ga shari'a da Ram. Bayan sun koma Musicor sun ɗan farfaɗo da "I Love You 1000 Times" a 1966 da "With This Ring" a 1967, sun kuma sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙin da muryar Turner. Shi ne babban faifanka. Ba jabu ba ne, kuma Turner mawaƙi ne na gaske, amma ba shi ne ɗaukar da duniya ta sani ba.

Malamar Kiɗa, Rafindaɗi:

Baba ya gama da tarihi, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena, ga batun yaran.

Abin da ke faruwa da su ba rashin iyawa ba ne, kunne ne ya bi abin da ya saba. A waƙarmu, in marigayi Shata ya jefa baiti, 'yan amshi su karɓa gaba ɗaya a kan sauti ɗaya, ƙarfinsu a haɗuwar yake. A salon Platters kuwa mutum huɗun da ke baya kowa na riƙe da sautinsa daban, a lokaci guda, kuma ba sa jiran mai ja ya gama, ƙarƙashinsa suke shimfiɗa tabarma yana tafiya a kai. Saƙa ce, kowane zare da hanyarsa.

Rabon muryoyin haka yake. Williams ke ja da siririyar muryar namiji mai hawa sama. Lynch na biye da shi a ƙasa kaɗan. Robi na tsakiya. Reed ne kakkaura, yana riƙe gindin sauti. Taylor na saman shimfiɗar tana ba ta haske, jefi-jefi kuma ta ja, kamar a "He's Mine" ta 1957.

Kada ku fara da waƙa. Ku sallami mai ja tukuna, a bar mutum huɗu da fiyano. Ga wani tsari na koyo da ke bin haɗe-haɗen sautin buɗewar "Only You", in an sauke ta a kan C don sauƙi. Haɗi biyar ne a jere: C, E, Am, C7, F.

Mai muryar ƙasa ya bi gindi: C, E, A, C, F. Na tsakiya aikinsa zama, ya riƙe E har sau huɗu, a na biyar ya ɗaga zuwa F. Yarinyar ta riƙe C na sama, ta sauka B a haɗi na biyu, ta koma C ta zauna. Wahalar duk tana kan na biye da mai ja: G, G#, A, Bb, sannan ya dawo A. Hawa ne na rabin taki, rabin taki, daga farin maɓalli zuwa baƙin da ke jikinsa. Kiɗanmu na gargajiya yawanci a kan sauti biyar yake tafiya, babu wannan ɗan siririn taki a ciki, shi ya sa makogwaro ke tsallake shi. Ko dai yaron ya tsaya a G, haɗin ya yi laushi ya mutu, ko ya zarce A tun kafin lokaci, ya yi karo da yarinyar da ke kan B. Daɗin waƙar kuwa a G# ɗin nan yake. Ba shi wannan layi shi kaɗai ya yi ta maimaitawa da fiyano minti 10 kullum har mako guda, kafin a haɗa shi da kowa.

In an zo haɗawa, bibbiyu ake yi. Na ƙasa da na tsakiya, sannan na biye da yarinyar, sannan huɗun. Kowane haɗi a riƙe shi tsawon ƙirga 8 da "uuu", a ɗauke hannu daga fiyano a ƙirga ta 4, a sake taɓawa a ta 8 a ji ko sun zame. Kusan kullum ƙasa ake zamewa, saboda numfashi ya ƙare. Maganinsa kada su sha iska tare, kowa ya saci tasa a wuri daban yadda shimfiɗar ba za ta yanke ba. Wanda ke yawan bin muryar maƙwabcinsa ya toshe kunne ɗaya da yatsa, zai ji tasa a cikin kansa.

Abu biyu kuma da ake rainawa. Na ɗaya siffar baki: in uku na cewa "uuu" ɗaya na cewa "ooo", ko sautin kowa daidai ne ba za su narke wuri ɗaya ba. Su tsaya da'ira suna kallon leɓen juna. Na biyu bugu. Waƙoƙin nan taku huɗu ne, amma kowane taku an raba shi uku, fiyano na ƙirga 12 a kowane zagaye. Wannan kam yaranmu ba za su sha wahala ba, rabon uku-uku ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya tashi da jin kalangu. Abin lura kawai kada su yi sauri, waƙar a natse take.

Sai an yi mako biyu ko uku a haka za a dawo da mai ja. A ja masa kunne kada ya ce zai kwaikwayi ɗan karyewar muryar da Williams ke yi a farkon baiti ta hanyar matse wuya. Zamewa ce daga muryar ƙirji zuwa ta ka da wuya a sake. In ya matse, zai dushe kafin ya kai rabin waƙa.

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Baba, Yaya, na gode ƙwarai. Amma ga wani abu: da na bi ƙaramin faifan da fiyano sai na ji muryar ta yi ƙasa sosai, mai jan kamar wani dattijo, waƙar kuma tana jan jiki, ta wuce minti uku. Ko shi ma ba na asali ba ne?

Mai Gyaran Rediyo, Ƙofar Ƙaura:

Malam, ka duba injin kafin ka zargi faifan. Waƙoƙin nan biyu kowacce ba ta kai minti uku ba. Juya injin ka karanta abin da ke rubuce a bayansa. In ka ga 60Hz, wato bugun wuta 60 a daƙiƙa, na Amurka ne, kuma tsofaffin injuna da yawa motarsu da bugun wutar lantarki take auna gudunta. Wutarmu 50Hz ce. Tiransifoma za ta sauke maka 230 zuwa 110, amma ba ta taɓa bugun. Sakamako, faifan 45 zai juya sau 37 da rabi a minti, waƙar minti 2 da daƙiƙa 40 ta koma minti 3 da daƙiƙa 12, murya ta faɗi da kusan rabin taki uku. Shi ya mai da maka saurayi dattijo.

Gwaji mai sauƙi: manna 'yar takarda a bakin farantin, ka ƙirga wucewarta da agogon waya. Sau 45 a minti ɗaya. Na 33 kuwa sau 100 a minti uku. In ya gaza da kashi ɗaya cikin shida, matsalar bugun wuta ce, sai a sauya ɗan ƙarfen kan motar da bel ke hawa da wanda ya fi kauri. In gazawar kaɗan ce kuma tana rawa, bel ne ya saki, ko man da ke gindin sandar farantin ya daskare da ƙura. A kan janareta kada ka yi gwajin ko kaɗan, gudunsa hawa da sauka yake.

Kada ka kuskura ka ɗora ƙaramin faifan a garmaho mai wani da hannu. Kansa ya fi giram 100 nauyi, allurarsa ta ƙarfe ce, an yi ta don faifan 78 mai faɗin layi, ana sauya ta bayan kowane gefe. Faifan 45 giram 2 zuwa 3 yake so, da allura mai ƙanƙantar sau uku ko huɗu. Sawa ɗaya ya isa ta rarake shi. Masu ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle su ma kashe faifai suke yi. Tsallen datti ne ko lanƙwasa.

Wankewa: ruwan da aka tace irin na zuba wa batir, marar asid, kofi ɗaya da ɗigon sabulun ruwa ɗaya, tsumma mai laushi, a bi layin a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A bar shi ya bushe a inuwa. In ka ci karo da na 78, mai nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran, kada sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake. Ajiya a tsaye, cikin rigarsa, nesa da bangon da rana ke duka. Zafin Afrilu a ɗaki mai kwano ba silin yana lanƙwasa faifan da aka jingine a karkace cikin 'yan kwanaki, ƙurar hunturu kuma ita ke kawo ƙaras-ƙaras ɗin nan.

Ga hanyar tantance CD ɗin da kunne. Faifan sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958. Sa abin ji a kunnuwa biyu. "Only You" ta 1955 komai a tsakiyar kai yake fitowa. In ka ji fiyano a hagu, ganga a dama, muryoyi a baje, to sake ɗauka ce, ko an yi wa tsohuwar kwaskwarima.

Lauya Ɗan Sabon Layi:

Ranka ya daɗe Baba, a ba ni dama in ɗora kan maganarka, don asalin CD marar suna yana cikin takardun da aka sa wa hannu a 1956.

Ram ya ga yadda The Ink Spots suka tarwatse, ƙungiyoyi barkatai kowace na amsa sunan. Don kauce wa haka ya kafa kamfani, Five Platters Inc., kowane mawaƙi ya sami kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Duk wanda ya tashi fita sai a saye kasonsa. Williams ya fita, Taylor ta bi, sai Robi, sai Lynch, Reed ne na ƙarshe a 1969. A ƙarshe jarin ya taru a ɓangaren Ram, ya ci gaba da ɗaukar sababbin mawaƙa da sunan, su kuma waɗanda suka fita kowa ya kafa tasa Platters ɗin, tunda da sunan kaɗai ake cika zauren wasa. Abin da aka gudu shi aka tarar, har ya fi. Aka shafe shekaru ana shari'a a jihohi daban-daban, hukunci na karo da hukunci.

Hukuncin da ya fi amfani a sani shi ne na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 1999, tsakanin matar marigayi Robi da Reed. Kotu ta ce wanda ya bar ƙungiya ba ya tafiya da sunanta, balle ya gadar wa iyalinsa, haƙƙin na wanda ya kafa ta ne ya kuma ci gaba da waƙa da sunanta, wato Reed. A 2011 kotun tarayya a Nevada ta ƙara tabbatar wa Reed. Ya rasu a 2012, shi ne na ƙarshe cikin biyar ɗin. Lynch ya riga su a 1981, Robi 1989, Williams 1992, Taylor 2007, Ram kuma 1991, shekara ɗaya bayan an shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1990.

Ba su kaɗai abin ya shafa ba. The Drifters sun fi shan wuya, domin su manajansu George Treadwell ne ya mallaki sunan, mawaƙa 'yan albashi ne. A 1958 ya sallame su gaba ɗaya, ya ɗauko wata ƙungiya mai suna The Five Crowns, cikinsu har da Ben E. King, ya ce daga yau ku ne Drifters. Irin wannan ne ya sa jihohin Amurka sama da 30 suka yi dokar da ta hana a tallata wasa da sunan tsohuwar ƙungiya sai in akwai ɗan asali mai haƙƙi a ciki, ko a bayyana ƙarara cewa masu kwaikwayo ne.

Yaran nan biyar, in abin ya kankama har suka raɗa suna, su zauna tun kafin kuɗi ya shigo su rubuta abu uku: wa ke da sunan, me wanda ya fita zai tafi da shi, da yadda za a raba kuɗin waƙar da aka riga aka ɗauka. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Kai kuma ƙanena, duba bayan CD ɗin a ƙananan rubutu na can ƙasa. Masu sake ɗauka kan rubuta da Ingilishi cewa sabon ɗauka ne da ɗaya ko fiye daga 'yan asali. In kana son yaran su ga biyar ɗin da idonsu, nemi guntun fim ɗin "Rock Around the Clock" na 1956 a YouTube, sun rera waƙoƙin ƙaramin faifanka duka biyu a ciki. Ka sa su kalli bakin mutum huɗun da ke bayan Williams, kamar yadda Malama ta ce.